Akwatin sanyi a gareji: kundin aikina kan bindigogin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Da sunan Allah, yau na share kusurwar gareji na kafa tebur, aikin da na daɗe ina saƙawa a rai ya soma.

Shekarata shida a gabashin Ingila. Yanki ne da duk inda ka nufa da mota sai ka ratsa ta gefen wani tsohon filin jirgin sama na Yaƙin Duniya na Biyu, wani ya koma gonar alkama, wani an bar hasumiyarsa a tsaye. Daga waɗannan filayen ne Runduna ta Takwas ta sojan saman Amurka ta riƙa tashi tun 1942, tana kai farmaki Turai da rana tsaka. Ni kuwa tun ina yaron gareji a Kano da ƙarfe da mai nake cin abinci, shi ya sa tambaya guda ta maƙale mini: ƙarfen da ke kai-komo, da mai a jikinsa, yaya yake aiki a sanyin digiri 40 ko 50 ƙasa da sifili?

Jirgin jefa bam na Amurka, B-17, a lokacin yakan tashi da mutum goma. Samfurin G na ɗauke da bindigogi masu jigida har 13, ƙirar Browning, masu cin harsashi mai kaurin milimita 12.7. Galibi suna tafiya ne a wajen ƙafa 25,000, wato mita 7,600. A lissafin masana sararin sama, duk kilomita ɗaya da ka hau zafi na raguwa da digiri 6.5. Idan ƙasa na kan digiri 15, can sama ana neman 35 ƙasa da sifili, a ranar da ba ta da laifi ke nan. Da hunturun Turai kuwa a kai 50. Cikin jirgin ba a matse iskarsa ba, kuma a samfuran farko tagogin gefe a buɗe suke, bindiga na leƙe, iska na kwararowa.

Abin da zan haɗa ba bindiga ba ce, babu ko ƙusa ɗaya ta makami a ciki, dokar ƙasar nan ma ba ta wasa da wannan. Dunƙulen ƙarfe ne da zai riƙa zamewa cikin wata kwatar ƙarfe, sifirin na jan sa. Zan saka shi a sanyi da mai iri-iri in ga yadda zai yi. Burina in nuna wa yaran makarantarmu ta ranar Asabar kafin azumi, sannan in rubuta bayanin da Hausa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Wani abokin aikina mai injin yankan ƙarfe ya gyara mini dunƙulen da kwatar. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin takarda biyu ba. Da ka ja ka saki sai ka ji ƙas, ya koma mazauninsa.

Sauran yinin na ƙare shi ne wajen karanta yadda ita bindigar take aiki, don in san abin da nake kwaikwayo. John Browning ne ya tsara ta, ya rasu a 1926 tun kafin yaƙin. Babu mota ko batir da ke tura cikinta. Ƙarfin da harsashi ya hankaɗo baya in ya tashi, shi ne kaɗai jarinta. Bututun da sakatar ciki su ja baya tare na ɗan taƙi, sai sakatar ta kuɓuce ta wuce ita kaɗai, ta zaro sabon harsashi daga jigida, ta yar da kwanson da aka harba, sifirin ya dawo da ita gaba. Ta cikin jirgi tana yin haka sau 750 zuwa 850 a minti, wato sau 12 zuwa 14 kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Ta fi ta sojan ƙasa sauri, ta kuma fi ta rashin nauyi, kilo 28 ce ba 38 ba.

Tunda jarin ƙayyadadde ne, duk abin da ya ci wani kaso daga ciki ya cuce ta. In mai ya yi kauri ya riƙe sakatar, ba za ta kai ƙarshen tafiyarta ba, sabon harsashi ba zai shigo ba. In kuma ya daskare a kan allurar da ke dukan gindin harsashi, dukan zai zo da sanyin jiki, harsashin ya ƙi tashi. Har wani ɗan tulun mai ke akwai a bayanta mai rage ƙarfin bugu, shi ma man cikinsa dole ya zama wanda sanyi ba ya kamawa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mun je gidan tarihin jiragen yaƙi na Duxford, kudu da Kambirij, ni da babban ɗana. A zauren jiragen Amurka akwai B-17 da B-24 da B-29 ƙarƙashin rufi ɗaya.

Na fi rabin awa a tsugune gaban kejin harbi na ƙarƙashin cikin B-17, wanda kamfanin Sperry ya ƙera. Ƙwallo ne na ƙarfe da gilashi, faɗinsa bai fi a ce mutum ya rungume da hannu biyu da ɗan ƙari ba. Maharbin yana kwance ne a dunƙule kamar jariri a ciki, gwiwoyi a sama, bindiga ɗaya ta dama da kansa, ɗaya ta hagu. Yaron ya dube ni ya ce, "Baba, in ta cije masa a nan, ina zai sa hannu ya gyara?" Na ce masa ai ita ce tambayar da ta kawo mu.

Zuwan ya sa na gane cewa Ingilishi sun riga Amurkawa shan wannan wahala. Ƙaramin jirgin yaƙinsu, Spitfire na farko, yana da bindigogi takwas a fukafukai, kuma tun a gwaje-gwajen farko aka ga suna daskarewa in an hau sama sosai. Maganin da aka yi shi ne janyo iska mai ɗumi daga lagireto ta cikin bututu zuwa ɗakin bindigogin, sannan a manne bakin kowace kafa da ɗan jan ƙyalle. Ƙyallen na hana iska da laima da datti shiga har sai harsashin farko ya huda shi. Da jirgi ya sauko, makanikai na hango ƙyallayen a yage sun san an yi artabu.

Jirgin jefa bam bai sami wannan gatan ba. Bindigarsa dole ta juya ta bi abokin gaba, ba ta zama cikin rufaffen fiffike kusa da injin. Na Lancaster, wanda Ingilishi ke fita da shi da dare, bindigogi takwas ne masu ƙaramin harsashi, milimita 7.7, huɗu daga ciki a wutsiya. Maharban wutsiya da yawa da kansu suke cire gilashin tsakiya na kejinsu, don gilashin na yin hazo da ƙyalli ya ɓoye jirgin Jamus a duhu. Sun zaɓi sanyin a kan makanta. Mutum da bindigoginsa huɗu su kwana a buɗaɗɗiyar iska, awa bakwai, awa takwas.

A hanyar komawa muka tsaya a maƙabartar sojojin Amurka ta Madingley. Kaburbura sama da 3,800, ga kuma doguwar katanga da sunayen mutum sama da 5,000 da ba a ga gawarsu ba. Mafi yawansu ba su girmi ƙannena ba lokacin da suka mutu. Runduna ta Takwas kaɗai ta rasa wajen mutum 26,000. Ba mu yi magana a mota ba har muka kusa gida.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Gwajin farko, a firizar gida, digiri 18 ƙasa da sifili. Uwargida ta ce, "Maigida, ka dai nannaɗe su da kyau, kar warin mai ya kama mini nama." Na sa kowane a leda biyu, na bar su suka kwana.

Giris ya koma kamar man kaɗanya da asubahin hunturu, sai ka danna da ƙarfi yatsa ke shiga. Man injin mota mai kauri ya zama kamar zuma mai sanyi, in ka karkata kwalbar sai ya yi tunani kafin ya motsa. Man keken ɗinki bai canza sosai ba. Dunƙulen da na shafa wa giris ya tafi rabin hanya ya tsaya. Na man mota ya isa, amma a hankali. Na man keke ya yi ƙas ɗinsa.

Wannan ya fassara mini abin da na karanta game da sababbin bindigogi. Daga masana'anta ake dulmuya su cikin wani kakkauran maiƙo mai hana tsatsa, don su jure tafiyar teku. Kafin a ɗora su a jirgi sai an kwance su ɗaya bayan ɗaya an wanke maiƙon tas. Ɗan abin da ya ɓuya a wani lungu ba zai nuna kansa a ƙasa ba, sai an kai ƙafa 25,000.

Amma 18 ba 45 ba ce. Ina bukatar sanyin da ya fi wannan.

Lahadi, 1 ga Disamba

Babu aiki. Busasshiyar ƙanƙarar da na yi oda ta makara kwana biyu a hanya, kafin ta iso fiye da rabi ta bi iska. Na sake yin oda daga wani wurin.

Asabar, 7 ga Disamba

Kilo goma sun iso lafiya. Busasshiyar ƙanƙara iskar kabon ce da aka daskarar, sanyinta digiri 78 ƙasa da sifili, ba ta narkewa ta zama ruwa, hayaƙi take zama. Saboda haka ƙofar gareji a buɗe na bar ta duk da iskar da ake yi, don iskar kabon in ta taru a rufaffen ɗaki tana kisa ba tare da wari ba. Yara kuma na hana su shigowa sai ina nan.

Na jera ƙanƙarar a gindin babbar kula, na ɗora faranti a kan ƙafafun katako, na riƙa ɗaga shi ina saukewa har ma'aunin ya zauna tsakanin 43 da 47. Ma'aunin lantarki na yi amfani da shi, mai siririyar waya da na manna a jikin dunƙulen. Irin na dā mai ruwan zaiba ba zai yi ba, don zaiba kanta tana daskarewa kafin a kai 39.

Ga abin da na gani. Giris: dunƙulen ko motsi, kamar an yi masa walda. Man mota: na ja shi baya da ƙyar, da na saki sai ya rarrafa kaɗan ya tsaya, man ya yi fari-fari kamar kakide. Man keken ɗinki, da na zuba shi a wadace yadda hannuna ya saba: ya isa, amma da jan ƙafa, ƙas ɗin nan ta ɓace. Sai na wanke, na ɗiga ɗigo biyu a tsumma, na shafa, na bi da busasshen tsumma na goge har sai da ya zama in ka duba ba ka ganin mai, sai ka karkata ƙarfen ga fitila ka ga ɗan sheƙi. Na mayar, na jira minti arba'in. Ƙas.

Na maimaita sau uku don zuciyata ba ta yarda ba. Maigidana na gareji, Allah ya jiƙansa, kullum cewa yake ƙarfe ba ya ƙin mai, kuma a zafin Kano gaskiya ya faɗa. Shekara ashirin da wani abu hannuna na bin wannan karatu. Ga shi yau man da na san yana ceton inji shi ne ke shaƙe shi. Abin da aka koya wa maharban ke nan: mai marar kauri da aka yi don sanyi, shi ma ɗan kaɗan, a shafa a goge. A ɓangaren Ingilishi har tsinka man ake yi da kananzir.

Lahadi, 8 ga Disamba

Yau na ci karo da abin da ya sauya mini fahimtar aikin gaba ɗaya, kuma ba da niyya ba.

Na ciro dunƙulen daga kula na ajiye a tebur, aka kira ni waya. Minti uku ko huɗu na yi. Ina dawowa na tarar ya yi furfura, farin gashin ƙanƙara ya rufe shi ko'ina, har cikin kwatar. Laimar da ke cikin iskar gareji ce ta sauka a kansa. Da ya ɗan huce furfurar ta zama raɓa. Ban kawo komai a raina ba na mayar da shi cikin kula haka nan. Bayan rabin awa na ja, ya ƙi. Na sa ƙarfi, ya ƙi. Sai da na buga da gudumar roba ya saki, da wata ƙara kamar an taka gilashi. Man nan dai shi ne na jiya, shafawar ita ce ta jiya. Ruwan da bai cika cokalin shayi ba ya yi abin da sanyin digiri 45 ya kasa yi shi kaɗai.

Na zauna na yi lissafi. Iska mai digiri 10 tana iya riƙe wajen giram 9 na ruwa a kowane gurbi mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi. A digiri 40 ƙasa da sifili ko rabin giram ba ta iya riƙewa. Ashe can sama iskar a bushe take ƙayau. Ruwan da ke daskarar da bindiga daga ƙasa jirgin ke tafiya da shi, ko ya kwaso a hanya. Ingila kuwa ƙasar laima ce. Jirgi ya kwana a fili cikin hazo da raɓa, ya tashi da asuba, ya ratsa gajimare mai kaurin dubban ƙafa inda ɗigon ruwa ke manne wa duk ƙarfen da ya taɓa, sannan ya fito sarari inda komai ke ƙanƙarewa. In ya dawo kuma, ƙarfen da ya sha sanyi ya shigo iska mai ɗumi ya yi gumi, kamar dai dunƙulena a tebur.

Yanzu na gane dalilin wahalar da suke sha kullum. Ba a barin kayan cikin bindiga su kwana a jirgi. Bayan an sauko a zare su, a kai ɗakin makamai, a wanke, a busar. Da duhun asuba maharbi ya karɓo nasa, ya sake gogewa, ya mayar da hannunsa. In sun hau kan teku, kafin gaɓar abokan gaba, kowa ya saki 'yan harsasai don a tabbatar tana tashi, a kuma kakkaɓe ƙanƙarar da ta fara kamawa. A tafiya ma akan riƙa jan sakatar lokaci-lokaci don kar ta zauna wuri ɗaya ta manne.

Na ƙara gwaji biyu kafin ƙanƙarata ta ƙare. Na hura numfashi sau ɗaya cikin kwatar mai sanyi: ya isa ya rage gudun dunƙulen. Na kuma gwada ƙarfe ba mai ko kaɗan: ya zame lafiya a sanyi, har na fara tunanin to me ya sa ba a bar man gaba ɗaya ba.

Alhamis, 12 ga Disamba

Na sami amsar. Dunƙulen da na bari ba mai ya yi jan tsatsa a gefe biyu cikin kwana huɗu, ga kuma ƙujewa a inda ya gogi kwatar. Wannan da hannu kawai nake ja. Ina ga wanda ke kai-komo sau 14 a daƙiƙa? Man dole ne. Tsakanin ya yi yawa da ya yi kaɗan, ratar siririya ce ƙwarai, kuma tsumma ne ke auna ta.

Asabar, 21 ga Disamba

Na so in san ko ƙanƙancewar ƙarfe a sanyi na da hannu. Baƙin ƙarfe na raguwa da kashi 12 cikin miliyan a kowane digiri. Guntu mai tsawon santimita 20, in ya sauka digiri 60, zai ragu da wajen milimita 0.14. Tagulla ta fi haka, alminiyom kuwa kusan ninki biyu. In duka sassan ƙarfe iri ɗaya ne, tare suke raguwa, ratar ba ta canzawa sosai, abin da na gani a akwatina ke nan. Matsalar tana inda aka haɗa ƙarfe biyu mabambanta, ko inda aka ɗaure abu tamau tun a ƙasa. Ita wannan bindigar tana da wani saiti na ratar da ke tsakanin sakata da gindin bututu, wanda ake yi da hannu duk lokacin da aka mayar da bututun. Wanda ya matse shi fiye da kima ya rage wa kansa wurin da ɗan kaurin mai ko ɗan ƙanƙara za su raɓa. A ganina ƙanƙancewa mai taimaka wa ɓarawo ce, ba ita ce ɓarawon ba.

Da yamma na kira Kawu a Kano, na ba shi labarin mai da tsumma. Ya ce, "Kai yaro, ai mu ma da hunturu haka muke yi wa kan keken ɗinki, in ka cika mai ƙura ta bi ta zama kunu." Maganarsa ta tuna mini cewa jiragen yaƙin nan sun bi ta kanmu. Tun 1940 Ingilishi ke harhaɗa jirage a Takoradi su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, su bi ta El Fasher zuwa Khartum da Alƙahira, daga baya Amurkawa ma suka bi hanyar. A fagen Arewacin Afirka yashi ne abokin gabar bindiga, yana haɗuwa da mai ya zama abin da ke cin ƙarfe. Cuta daban, amma magani ɗaya da na masu sanyi: a rage mai.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

An yi sanyi sosai makon nan, ciyawa ta kwana fari fat. Na ga ranar gwada hannu ce.

Na sa safar hannu hawa uku kamar yadda suke yi: siririya a ciki, mai kauri a tsakiya, ta fata a waje. Na ce wa yaron ya riƙe agogo, na yi ƙoƙarin cire ɗan fil ɗin da ke riƙe sifirin in mayar. Abin da nake yi cikin daƙiƙa kaɗan da hannu tsirara ya ci mini fiye da minti biyu, fil ɗin ya faɗi sau biyu. Can sai na ji hannuna na neman zare safar da kansa. Na zare biyu na bar siririyar, na gama nan take. Amma gefen wuyan hannuna ya taɓa farantin da ke cikin kula, taɓawa ɗaya. Ji na yi kamar an ɗora mini garwashi. Wurin ya yi fari, daga baya ya yi ja, yanzu ya ɗan tashi.

A nan ne sanyi ya fi cin mutanen. Bindiga ta cije, jirgin Jamus na tahowa, maharbi ya fizge safa don ya buɗe murfi ya gyara jigida. Fata mai ɗan gumi ta taɓa ƙarfe mai digiri 45 ƙasa da sifili, ta manne, in ya ja sai ta biyo ƙarfen. Da yawa sun rasa yatsu ta haka. Shi ya sa aka ba su siririyar safa ta siliki ko makamancinta, wadda ba a cirewa ko ana ha-maza-ha-mata. Shi ya sa kuma a makarantar harbi ake sa su kwance bindigar su mayar ido a ɗaure, da safa a hannu.

Kayan jikinsu ma da nasu aibin. Rigar lantarki ta farko, F-1, shuɗiya, wayoyin ɗumamarta a jere ɗaya suke kamar tasbaha, in waya ta tsinke a wuri ɗaya sai ɗumin ya ɗauke. Gwiwa da gwiwar hannu kuwa kullum lanƙwasa wayar suke. Sai a samfuran baya aka raba layukan. Takunkumin oksijin shi ma laimar numfashi na daskarewa a cikinsa ta toshe hanya, dole mutum ya riƙa matsa shi yana farfasa ƙanƙarar. Ka ga ruwa ne dai a nan ma. A 1944 aka fara rufe tagogin gefe na B-17 da gilashin roba, bindigar na leƙe ta tsakiya. Ina ganin wannan gilashin ya ceci yatsu fiye da kowace safa.

Asabar, 25 ga Janairu

Hita. A yaƙin an ƙera 'yan ƙananan hitoci na lantarki da ake maƙalawa a jikin bindiga, daidai akwatin da sakata ke kai-komo, suna shan wuta daga lantarkin jirgin mai bolt 24. Ba a so su sa ƙarfen ya yi zafi, a dai hana shi kaiwa inda mai ke kauri, ruwa ke kamawa.

Na sami irin hitar da ake naɗa wa hannun babur, mai bolt 12, na manna a bayan kwatar. Gwaji uku na yi, duka da ɗan feshin ruwa.

Da na kunna ta tun kafin in saka ƙarfen a kula, bai sauka ƙasa sosai ba, ya kuma yi ta zamewa har ƙarshe. Da na bari ya daskare tukuna sannan na kunna, na gaji da jira: ƙaramar hita ba ta iya ƙwato ƙarfen da sanyi ya riga ya ratsa. Na ukun shi ya fi tayar mini da hankali. Na kunna, ƙanƙarar saman ta narke, ruwan ya gangara cikin ratar, sai na cire wayar kamar ta tsinke. Kamun da ya yi ya fi na ranar 8 ga Disamba, don ruwan ya shiga inda dā bai kai ba. Hita mai aiki rabi da rabi ta fi babu hita haɗari.

Wani abin mamaki da ba zan iya gwadawa a gareji ba: duk da wannan sanyin, bututun bindigar na iya ƙonewa. A ƙafa 25,000 kaurin iska bai kai rabin na ƙasa ba, ba ta kwasar zafi yadda ake zato. Wanda tsoro ya sa ya danne kunama ya ƙi saki zai cinye cikin bututunsa, har harsashin da ke zaune a ciki ya iya tashi da kansa don zafi. Saboda haka aka hore su da harbi gajere-gajere. Bayan bindiga na neman hita, gabanta na neman fifita, tsakaninsu bai fi kamu huɗu ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An ba ni ranar 22 ga wata a makarantar Asabar, mako guda kafin azumi. Na yanke abin da zan nuna: dunƙule uku a kwata uku, ɗaya da giris, ɗaya da man da aka shafa aka goge, ɗaya da irin wannan shafawar amma yaro ɗaya zai hura masa numfashi kafin a rufe kula. Su ja da kansu, da safa, su ji bambancin a hannunsu. Zan kuma ba su lissafin 14 ga Oktoba, 1943, ranar da jiragen B-17 guda 291 suka nufi garin Schweinfurt na Jamus ba tare da rakiyar ƙananan jiragen yaƙi da za ta kai su can ba, 60 ba su dawo ba, mutum goma-goma a ciki. A irin wannan rana bindigogin nan su ne kaɗai katangarsu, sai daga ƙarshen shekarar ne ƙananan jiragen yaƙi na P-51 suka fara raka su har cikin Jamus.

Saura a yanko mini kwata biyu, abokin aikina ya ce ranar Laraba. Saura safar hannu ƙanana guda shida da tabarau na kariya. Shugabar makarantar ta ce a yi a farfajiya saboda iskar kabon, na amince. Ƙanƙarar zan yi odarta ta iso ranar Juma'a da yamma, kilo goma sha biyar wannan karon, don a fili ta fi saurin tafiya.